Albashi na shiga kan kari, amma aikin ya fita a rai: daga ina ake fara gyara?

Mai Neman Sani:

Assalamu alaikum jama'a. Tambayata ga waɗanda suka san harkar ma'aikata ce. Sau da yawa za ka ga mutum yana da aikin da wasu ke nema ido rufe, albashi na shiga kan kari, ba mai ci masa mutunci, amma da hutun ƙarshen mako ya zo ƙarewa sai gabansa ya riƙa faɗuwa don gobe aiki. Ya je, ya zauna, ya yi ta duba agogo. In ya yi magana a ce masa ya gode wa Allah, wasu ko irinsa ba su samu ba. Godiya kam dole ce, amma ba ta amsa tambayar ba. Me ke kawo wannan, kuma me mutum zai yi a aikace? Matakai nake nema, don Allah kada a ce min kawai "ka so aikinka".

Tsohon Hannu:

Wa alaikumus salam ƙanena. Abu biyu za ka fara rabawa: abin da ke hana ɓacin rai a wurin aiki daban, abin da ke kawo gamsuwa daban. A 1959 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Frederick Herzberg, shi da abokan aikinsa suka fitar da sakamakon hirar da suka yi da injiniyoyi da akantoci kimanin 200 a yankin Pittsburgh. An ce wa kowa ya ba da labarin lokacin da ya fi jin daɗin aikinsa, da lokacin da ya fi jin haushinsa. Labaran haushi sai suka taru a kan dokokin kamfani, yadda shugaba ke sa ido, albashi, yanayin wurin aiki da zaman tare. Na daɗi kuwa suka taru a kan kammala abu mai wuya, yabo a kan aikin da aka yi, ɗaukar nauyi, ci gaba, da shi kansa aikin. An soki binciken daga baya, an ce ai ɗan Adam in ya ci nasara cewa yake shi ne, in ya faɗi ya ce wane ne, don haka dole amsoshin su rabu haka. Sukar tana da ƙarfi. Duk da haka rabon yana taimakawa wajen gano ciwo. Mutumin da ka siffanta an cire masa ƙaya a ƙafa, sai dai ba shi da inda zai taka ya je.

Kada ya yanke hukunci a kan aikin gaba ɗaya tukuna. Abin da ake kira "aikina" tarin ƙananan ayyuka ne, goma sha wani abu, da aka ɗaure da suna ɗaya. Ya nemi ƙaramin littafi ya yi kwana 10 na aiki, mako biyu ke nan, yana rubutu sau uku a rana: da hantsi, da tsakar rana, da lokacin tashi. Kowane layi ya ƙunshi abin da ya yi, minti nawa ya ci, da wa ya yi, sannan maki daga -2 zuwa +2. Maki -2 na abin da ya tsotse shi ne, +2 na abin da ya tashi daga kansa da kuzari. A ƙasan kowace rana ya ƙara layi guda: me ya matsa gaba yau?

Wannan layin na ƙarshe ba ado ba ne. Teresa Amabile ta jami'ar Harvard da Steven Kramer sun tattara rubutun kullum kusan 12,000 daga ma'aikata 238 a kamfanoni bakwai, suka ga abin da ya fi yawan bayyana a ranakun da mutane suka fi jin daɗi shi ne ɗan ci gaba a aikin da suka ɗauka da muhimmanci, ko da ƙarami ne. In mutum ya yi kwana biyar a jere layin nan babu komai, to ya gano rabin ciwonsa: yana ta motsi, ba ya ganin inda motsin ya kai.

Inda ake ɓata wannan gwaji wuri huɗu ne. Na ɗaya, a bari sai dare a rubuta daga ka. Ƙwaƙwalwa abin da ya fi ciwo da abin da ya zo ƙarshe take riƙewa, sai sa-in-sa ta minti goma ta shafe awa uku masu kyau. Na biyu, a zaɓi makon da ba na yau da kullum ba, kamar lokacin rufe lissafin shekara ko makon dawowa daga hutu. Na uku, a rubuta "taro" ko "rahoto" dunƙule. Taron da ake yanke shawara a cikinsa da wanda ake karanta wa mutane abin da ke cikin imel ba ɗaya ba ne, a raba su. Na huɗu shi ne ya fi yawa: a ɗauka abu mai wuya shi ne mai tsotsewa. Sau tari abin da ya fi sa mutum gumi shi ke samun +2, mai sauƙin da ake maimaitawa kullum shi ke cin -2.

Bayan kwana 10 ya haɗa awoyin da suka samu +1 da +2, ya raba da jimillar awoyin aikinsa. Akwai ma'aunin da za a iya jingina da shi. A 2009 Tait Shanafelt da abokansa sun binciki likitocin asibitin Mayo a Amurka, suka ga waɗanda ba su kai kashi 20 cikin 100 na lokacinsu a kan ɓangaren aikin da ya fi musu ma'ana ba sun fi sauran galabaita nesa ba kusa ba. A kan likitoci aka yi, don haka kada a ɗauke shi kamar doka ga kowace sana'a, amma ya ba ka abin nufi. Kashi 20 na awa 40 shi ne awa 8, yini guda a mako. Ba sai an juya aikin gaba ɗaya ba.

'Yar Ƙididdiga:

Malam ya ba da hanyar aunawa, ni bari in ɗora da inda ake taɓawa. A tsakiyar shekarun 1970 Richard Hackman da Greg Oldham suka ware siffofi biyar da ke sa aiki ya riƙe zuciyar mai yinsa: yawan nau'in ƙwarewar da yake buƙata, ko mutum yana yin abu daga farko har ƙarshe ko guntu kawai yake gani, tasirin aikin a kan wasu, 'yancin zaɓar yadda za a yi shi, da ko aikin yana nuna maka ka yi daidai ko ba ka yi ba. Ana ba kowacce maki 1 zuwa 7. Lissafinsu shi ne a haɗa ukun farko a raba uku, sai a ninka da makin 'yanci, a sake ninkawa da makin ganin sakamako.

Ɗauki misali. Ƙwarewa 4, farko-har-ƙarshe 5, tasiri 6, matsakaicinsu 5. 'Yanci 2, ganin sakamako 3. Jimilla 30, alhali ƙololuwa 343 ne. Yanzu ka ɗaga ƙwarewa daga 4 har 7, ka sha wahalar koyon sabbin abubuwa, jimilla ta koma 36 kacal. Amma bar ƙwarewa yadda take ka ɗaga 'yanci daga 2 zuwa 4, sai ka ga 60. Masana sun yi gardama a kan ko ninkawa ta fi haɗawa daidai, ni ma ba zan rantse a kan lambobin ba, amma darasin a fili yake: wanda aka ɗaure wa hannu, ko kwas nawa aka tura shi ba zai ji canji sosai ba.

To ya ake samun 'yancin in ba kai ne shugaba ba? Amy Wrzesniewski da Jane Dutton sun rubuta a 2001 a kan yadda ma'aikaci ke sassaƙa aikinsa da kansa. Cikin misalansu akwai masu share-share a asibiti. Takardar aikinsu iri ɗaya ce, amma wasu sun mai da lura da majinyata da masu jinya ɓangare na aikinsu, suna tsara sharar yadda ba za ta takura wa mara lafiya ba, kuma su ne suka fi ganin darajar abin da suke yi. Sassaƙar ta hanya uku ce: a canza ayyukan, a canza mutanen da ake hulɗa da su, ko a canza yadda ake kallon aikin.

A aikace, ɗan'uwa, daga littafin nan mutum zai ɗauki abu ɗaya mai -2 da abu ɗaya mai +2. Ɗaya ɗaya, kada ya kwaso jeri. Mai -2 ɗin ya tambayi kansa: za a iya daina shi, a rage yawansa, a tara shi lokaci guda, ko a yi musaya da abokin aikin da shi bai dame shi ba? Abin mamaki, kusan kowane ofis akwai rahoton da ake haɗawa duk mako wanda ba mai buɗe shi. Tambaya ɗaya ga wanda ake aika wa, "wace shawara kuke yankewa da wannan?", takan mai da shi na wata-wata. Ƙananan abubuwa irin amsa saƙonni kuwa a tara su sau biyu ko uku a rana, domin duk tsallake daga wani aiki zuwa wani yana barin ragowar hankali a baya, shi ya sa mutum yakan tashi a gajiye bai kammala komai ba.

Abin da ke buƙatar yardar shugaba, ga yadda ake kai shi. Kada a shiga da "ba na jin daɗin aikin nan", kunnensa zai ji "ina shirin tafiya" ko "kai ne matsalar". A nemi minti 20 a lokacin da ba shi cikin matsi, a zo da buƙata guda, da amfanin da sashen zai samu, da wa'adi. Kamar a ce: ina so a bar min aikin abokin hulɗa kaza daga farko har ƙarshe na mako shida, zan ba da bayani duk ƙarshen mako, in bai yi ba mu koma yadda muke. Wa'adin shi ne sirrin. Shugaba yakan ji tsoron amincewa da abin da ba zai iya janyewa ba, gwajin mako shida kuwa ba ya jin ya yi asara. Bayan an tashi a tura masa gajeren saƙo na abin da aka amince, don baki shi kaɗai yana da mantuwa.

Sai batun ganin wanda aikinka ke amfana. Adam Grant ya yi gwaji da masu buga waya suna nema wa wata jami'a a Amurka gudummawar tallafin karatu. Aka haɗa wasunsu da ɗalibi guda da ya ci moriyar tallafin, suka yi hira ta kimanin minti biyar. Bayan wata guda, lokacin da suke yi a kan waya da kuɗin da suke tarawa duk sun ninka fiye da sau biyu, waɗanda ba su ga ɗalibin ba kuwa suna nan inda suke. Don haka wanda aikinsa ke ƙarewa a kan takarda ya bi takardar sau ɗaya ya ga hannun da take isa.

Mai Gyara Zance:

Yaya, lissafinki ya yi, amma ina da ja a wuri biyu, kada mai karatu ya tafi da cewa duk laifin na ma'aikaci ne da bai iya sassaƙa ba.

Na farko, albashi. Gaskiya ne Timothy Judge da abokansa sun haɗa bincike masu yawa a 2010 suka ga alaƙar yawan albashi da gamsuwar aiki ƙarama ce, wajen 0.15 a ma'aunin da 1 ne ƙololuwarsa. Masu ɗaukar aiki suna son jin wannan lamba. Amma matsakaici ne na mutane da yawa. Wanda albashinsa ba ya kai shi ƙarshen wata, ko ake biyansa a makare, ba littafi yake buƙata ba, haƙƙinsa yake buƙata. Kuma ba yawan kuɗin ne kaɗai ke ci wa mutum rai ba, rashin daidaito ne. Johannes Siegrist a Jamus ya tsara wannan a 1996: in ƙoƙarin da mutum ke zubawa ya daɗe yana rinjayar abin da yake samu, wato kuɗi da girmamawa da tabbacin aiki da ƙarin girma, lafiyarsa ce ke biya. Binciken Whitehall na biyu, wanda Michael Marmot ya fara a 1985 a kan ma'aikatan gwamnati sama da 10,000 a Landan, ya nuna waɗanda ba su da ta cewa a kan aikinsu sun fi fuskantar ciwon zuciya. Ka ga ashe ba manyan da ake cewa nauyi ya yi musu yawa ne suka fi shan wuya ba, na ƙasa ne da ake ba umarni kawai.

Na biyu, sassaƙar nan tana da tarko. Mutum ya ƙara wa kansa abin da yake so bai sauke komai ba, bayan wata uku abin da ya fara don sha'awa ya zama wajibi, ba ƙarin ko sisi, ba a rubuta shi a takardar aikinsa ba. Ƙa'idar ita ce duk awa ɗaya da ta shigo, awa ɗaya ta fita. Kuma a lura kada abin da ka sauke ya faɗa kan na kusa da kai ba da saninsa ba, nan gaba ƙiyayya ke farawa. Mai aiki a layin haɗa kaya a masana'anta ko mai amsa waya da aka ƙayyade masa minti, abin da zai iya juyawa shi kaɗai kaɗan ne. Irin waɗannan gyaransu na taro ne, ta hanyar ƙungiyar ma'aikata ko a tafi wurin shugaba mutum huɗu da buƙata ɗaya.

Mai Neman Sani:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Saura ɗaya: ya ake bambance wanda aikin ya gundura kawai da wanda ya galabaita? Kuma yaushe ne gyara ya ƙare sai tafiya?

Dattijuwa:

Ɗana, bambancin yana da muhimmanci don maganinsu kishiyar juna ne. Wanda aiki ya gundura yana da ƙarfi, ba shi da inda zai zuba shi. Ba shi sabon abu mai wuya sai ka ga ya farfaɗo. Wanda ya galabaita kuwa ƙarfin ne ya ƙare, in ka ƙara masa "sabon ƙalubale" ka ƙarasa shi. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana galabaitar aiki da alamomi uku: ƙarewar kuzari, nesanta zuciya daga aikin har mutum ya riƙa yi masa kallon banza, da raguwar iya aiki. Ta kuma ce abu ne da ke tasowa daga matsin wurin aiki da aka daɗe ba a magance ba, ba ta lissafa shi a matsayin cuta ba. Gwaji mai sauƙi: bayan kwana biyu na hutu da isasshen barci, ƙarfin ya dawo? In ya dawo amma sha'awa ce babu, gundura ce. In bai dawo ba mako bayan mako, galabaita ce.

Mai galabaita ya fara ƙirga awoyinsa na gaskiya, har da saƙonnin da yake amsawa a kan gado. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun fitar da cewa awa 55 ko fiye a mako yana tare da ƙarin haɗarin shanyewar ɓarin jiki da kashi 35 cikin 100, da na mutuwa ta ciwon zuciya da kashi 17, in aka kwatanta da awa 35 zuwa 40. Jiki magayi. Hutun shekara ba ya biyan wannan bashi, don an sha aunawa an ga daɗinsa yakan gushe cikin 'yan makonni da dawowa. Abin da ke aiki shi ne yankewar kullum, wadda Sabine Sonnentag ta daɗe tana bincike a kai: hankali ya bar aikin, ba jiki kaɗai ba. Minti goma kafin tashi a rubuta abin da ya rage da matakin farko na gobe, don abin da ba a kammala ba shi ke bin mutum gida. A kashe sanarwar imel da ta rukunin ofis daga wani lokaci tsayayye, a gaya wa shugaba cewa in abu na gaggawa ne a kira. Sannan a samu abu ɗaya a wajen aiki da ake koyo ake ganin ci gaba a cikinsa. Zaman latsa waya ba ya cikin wannan.

In kuwa baƙin cikin ya wuce wurin aiki, mutum ya yi mako biyu ko fiye ba abin da ke masa daɗi ko a gida, barci da cin abinci sun rikice, wannan ya wuce shawarar nan, a ga likita.

Batun tafiya. Christina Maslach da Michael Leiter sun lissafa wurare shida da mutum da aikinsa ke saɓawa: yawan aiki, iko a kan aikin, sakayya, zaman tare, adalci, da aƙida, wato abin da mutum ya ɗauka daidai ne a yi. Ukun farko ana iya cinikinsu. Zaman tare wani lokaci canjin sashe yana gyara shi. Adalci da aƙida kuwa daga sama suke gangarowa. In ana sa mutum ya sa hannu a kan ƙarya, ko ana wulaƙanta shi an kai ƙara ba abin da ya canza, ba sauran jira. In ba haka ba, ya ba gyara wata uku: buƙata biyu a rubuce, sannan ya maimaita littafin kwana 10 ya kwatanta da na farko. In lambar ba ta motsa ba, ya fara neman wani aikin yana kan aikinsa, kada ya saki reshe ya kama ganye. In da hali ya tara abin da zai riƙe shi wata uku zuwa shida.

Ya kuma sani sabon wuri yana da ɗoki. Wendy Boswell da abokanta sun nuna a 2005 cewa gamsuwa takan yi sama da zarar an canza aiki, daga baya ta riƙa saukowa. Wanda bai san me ya kore shi daga tsohon wuri ba, tsugune ba ta ƙare ba. Don haka a wajen ganawar ɗaukar aiki ya yi tambayoyin da suka fito daga littafinsa: wa ke yanke shawarar yadda ake yin aikin nan, sau nawa ake zama da shugaba a duba aiki, me ya sa wanda ke kan kujerar ya tashi, ƙarfe nawa mutane ke tashi a makon da aiki ya yi yawa.

Tsohon Hannu:

Hajiya ta gama magana. Abu ɗaya zan ƙara a kan maimaita littafin: a yi shi a irin makonnin da aka yi na farko, in na farko tsakiyar wata ne na biyu ma tsakiyar wata, kuma kada a buɗe tsohon sai an gama sabon, in ba haka ba hannu zai riƙa bin makin da ido ya gani.